Azurfa huɗu da zinariya ɗaya: ba a fafe gora ranar tafiya

A bazarar 2012, a tafkin Dorney da ke yamma da Landan, mutane biyu sun tuƙa kwale-kwale a wasannin Olamfik. Ɗaya Katherine Grainger ce ta Birtaniya, wadda ta ci lambar zinariya tare da Anna Watkins. Ɗayan kuwa Hamadu Jibo Isaka ne na Nijar, wanda ya zo na ƙarshe, ya share fiye da minti 8 a mita 2000 alhali gwanaye ba su kai minti 7 ba. Jaridun Turai sun yi masa dariya da tafi. Wasu a Yamai sun ce ƙaddara ce, wasu sun ce talauci. Duka biyun hanyar gudun tambaya ce.

A dubi tarihin matar. An haife ta a Gilasgo a 1975, ta fara tuƙi a 1993 tana ɗalibar shari'a a jami'ar Edinbara. A Sidni, a 2000, ta samu azurfa, lambar Olamfik ta farko da matan Birtaniya suka taɓa ci a wannan wasa. A Atina, a 2004, azurfa. A Bejin, a 2008, ƴan Sin suka wuce jirginsu gab da ƙarshe: azurfa ta uku, da hawaye. Sai a 2012 zinariya ta zo, shekara 19 bayan ta fara riƙe filafili. A Riyo, a 2016, tana da shekara 40, ta ƙara azurfa. Tsakanin haka ta ci gasar duniya sau 6, ta kuma kammala digirin dakta.

Isaka, lokacin da ya shiga ruwan Landan, watanni kaɗan ke gare shi a wasan. Ashe ba jaruntaka ce ta raba su ba, shiri ne.

Masu cewa Turawa da kuɗinsu aka haife su sun manta da Atlanta. A 1996 Birtaniya ta koma gida da zinariya ɗaya tak, tana ta 36 a jerin ƙasashe. Kunya ta kama ta. Daga 1997 aka ware wa ƴan wasa kaso daga kuɗin cacar ƙasa, ana biyansu da masu horar da su shekara bayan shekara, kowace ƙungiya tana ba da lissafin abin da ta karɓa. A 2012 zinariya 29 suka tattara. Ba cacar ce abin koyi ba, Musulmi ya san hukuncinta. Abin koyi shi ne kuɗin da aka san ranar zuwansa, aka san inda ya shiga, kuma ba a yanke shi don an faɗi sau ɗaya. Da an sallami Grainger bayan Bejin, wa zai san sunanta yau?

Ɗan kasuwar Maraɗi ya san ba a buɗe kanti da safe a nemi riba da azahar. Ma'aikacin gwamnati ya san abin da ke samun ofishin da kasafinsa ke kan takarda kawai. To, don me wasanni kaɗai ake so su yi tsiro ba shuka? Tun samun ƴancin kai lambobin Olamfik biyu Nijar ta gani: tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdurrazak Isufu Alfaga a tekwando a 2016. Shekara 44 tsakani! Shi ma Alfaga a Jamus ya samu horon da ya kai shi nan.

Kuma ba a rasa abin farawa ba. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali zuwa Gaya, bakinsa cike da yaran Sorkawa, maza da mata, da suka tashi cikin jirgi. Kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta nuna ƙasar na iya riƙe gasa idan ta ga dama. Abin da aka rasa shi ne mai tuna ɗan wasa a shekaru huɗun da babu tuta, babu tawaga, babu kuɗin tafiya.

Masu cewa mace ba ta da wuri a nan su ma su saurara. Grainger ta shugabanci hukumar da ke raba kuɗin manyan wasanni a Birtaniya daga 2017 zuwa 2025. Ƙasar da ta bar ƴaƴanta mata a bakin gaɓa ta zubar da rabin jarinta da hannunta.

Kada a ƙara tura ɗan ƙasa ya sha kunya a madadin waɗanda ba su yi aikinsu ba. A sayi jirage, a ɗauki masu horarwa, a buga lissafi kowace shekara jama'a ta gani. Wanda ya ƙi sharar masallaci, ya yi ta kasuwa.