Yaro ya san "bulu", bai san shuɗi ba

1/ Jama'a, zan ɗan yi magana kan yadda muke koya wa ƙannenmu launi. Ra'ayina: haddar sunayen kala a allo ba koyo ba ce. A ba yaro fenti ya ɓata hannu, kuma a fara da Hausa. Ku biyo ni 🧵

2/ Tambayi ɗan firamare kalar rigarsa, zai ce "bulu" ko "girin". Ce masa "shuɗi" ko "algashi", sai ya tsaya yana kallonka. Wasu ma in ka ce "yalo" ba su san ko kala kake nufi ko na ci ba 😅

3/ Alhali Hausa ba ta rasa suna ba: ja, fari, baƙi, shuɗi, kore, rawaya, shunayya. Ga ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Ka lura? Sunan da kansa yana nuna wa yaro inda zai ga launin. Har ƙarfinsa muna faɗa: ja wur, baƙi ƙirin, kore shar, fari fat.

4/ Darasin farko bai wuce kala 3 ba: ja, rawaya, shuɗi.
Shuɗi + rawaya = kore
Ja + rawaya = ruwan goro
Ja + shuɗi = shunayya
Ƙara fari ya yi haske, ɗiga baƙi ya yi duhu. Amma kar ka faɗa masa amsar. Bari ya gauraya ya gani da idonsa. Abin da hannu ya yi, kai ba ya mantawa.

5/ In ya ɗan girma sai ka nuna masa cewa haske daban yake da fenti. Allon wayar da kake karanta wannan da ja, kore da shuɗi yake haɗa duk hoton da kake gani. Isaac Newton kuma tun wajen 1666 ya nuna cewa farin haske yana rarrabuwa ya ba da launukan bakan gizo.

6/ "Ai kayan zane tsada." Gaskiya ne, amma leƙa kicin. Zoɓo na ba da ja, gangamau na ba da rawaya, gawayi baƙi. Ɗiga ruwan kanwa a kan gangamau ya koma ja a gaban yaron. Wallahi ranar ba zai bar ka ka huta da tambaya ba. Sai dai a tsaya a kansu, kar a kai baki.

7/ 'Yan Kano kuma ba ku da uzuri 😂 Marinar Ƙofar Mata tun 1498 ake danganta kafuwarta. Ana tsamo zane daga ramin baba yana kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi. Wane littafi ne zai koyar da wannan fiye da ganin ido?

8/ Wasu iyayen na ƙyamar zane saboda hoton mai rai. Na fahimta, kuma ba sai an je can ba. Zayyanar allon sauka, zanen bangon gidajen Zariya da Kano, aikin hula, lalle: duk launi ne da tsari, babu fuskar kowa.

9/ Ga inda abin ya fi damuna. Akwai yaran da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai. Gado ne, ya fi yawa a maza. Gwajin Ishihara na gano shi, tun 1917 ake amfani da shi. A ajin hadda, irin wannan yaro daƙiƙi za a kira shi, wataƙila har da bulala. A ajin zane, malami mai lura zai gane da wuri.

10/ Masu cewa zane wasa ne: tela, mai rini, mai fentin gida, mai zanen talla a kwamfuta, duk da sanin launi suke cin abinci. Ita kanta mai zaɓen atamfa da mayafi lissafin kala take yi.

11/ Saboda haka in ka koma gida hutu, ware minti 30. Takarda, kala 3, ƙannenka. Kar ka gyara musu, tambaya kawai: "Me ya fito?" Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

12/ A garinku me kuke ce wa kalar da ke tsakanin ja da shuɗi? Ku ajiye min a ƙasa, musamman 'yan Sakkwato da Damagaram 👇