Rijiya ta bayar, guga ya hana

Idan kaka ta yi, akwai gidaje a Yekuwa da Kwaya da Waca, har zuwa Dungas da Malawa, inda ake ware buhun wake ko tiyoyin riɗi a kai kasuwa domin a aika wa yaro kuɗi Damagaram. Yaron ya kai shekarar ƙarshe a jami'a, an ce sai ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi takardar shaida. Wani kaso na kuɗin nan a wayar salula yake ƙarewa, wajen sayen intanet. Uban da ya sayar da waken ba ya tambayar abin da aka samo da guminsa, domin ya ɗauka duk wanda ya riƙe waya ya riƙe ilimin duniya. Ƴan kasuwa da ma'aikata da dama haka suka ɗauka su ma. Wannan zato ya kamata a sake dubawa, domin dukiyar talakawa da darajar takardun jami'a duka sun rataya a kansa.

A ɗauki misalin abin da kowane manomin Magariya ya sani tun yana yaro, wato gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Magariya da Matamai da Mirya suka daina sare tohon itatuwa a gonakinsu, suka koma tsare shi da gyara shi, aikin da ake kira sassaben zamani. A 2006 Mahamane Larwanou, masani ɗan Nijar, da Chris Reij na ƙasar Holan da abokin aikinsu suka rubuta cewa itatuwa sun dawo a kan fili kimanin hekta miliyan 1 a waɗannan yankuna uku, mafi yawansu gawo. A 2009 wani rahoto na cibiyar IFPRI ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 a faɗin ƙasa, bisa hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam. Ana karanta waɗannan rubuce-rubuce a jami'o'in Amurka da Turai, kuma suna nan a intanet ba a biyan ko dala. Duk da haka, ɗalibin da ya yi kiwo a ƙarƙashin gawon nan yana iya rubuta kundi guda a kan itatuwan gona bai san da zamansu ba.

Dalili na farko shi ne suna. Injin bincike ya fi gane haruffan da aka rubuta masa bisa niyyar mai tambaya. Wanda ya rubuta Yekuwa kaɗai zai ga kamar ba a taɓa cewa komai ba a kan garinsu, alhali a takardun gwamnati da na masana Yékoua ake rubutawa. Damagaram tana ƙarƙashin Zinder. Dungas kan fito da sunan Dungass ko Doungass, kuma da yake sai a 2011 aka cire ta daga Magariya ta zama yanki mai zaman kansa, abin da aka rubuta a kanta kafin wannan shekara a ƙarƙashin sunan Magariya za a same shi. Gawo a rubutun Faransanci gao ne, a wurin masana tsirrai Faidherbia albida, a tsofaffin littattafai kuwa Acacia albida. Ɗalibin da ya jera waɗannan sunaye kafin ya taɓa waya, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da Faransanci da Ingilishi, a yini guda zai tara abin da ɗan'uwansa bai samu ba a wata uku.

Dalili na biyu shi ne awo. Google na kowa da kowa yana sa shafi a gaba ne bisa yawan masu nuni gare shi da masu buɗe shi, wani lokaci kuma talla ce ke zaune a kan layin farko. Ba ya rantsuwa cewa abin da ya kawo gaskiya ne. Rumbunan ɗakunan karatu dabam suke, domin kowane rubutu a cikinsu yana da shaidar asali: sunan marubuci, shekara, mujallar da ta buga, da batun da ya ƙunsa. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana ƙara nuna waɗanda suka kafa hujja da rubutu bayan fitowarsa, ta haka ɗalibi zai bi sawu daga 2006 har zuwa bana. Persée na ba da tsofaffin mujallun Faransa kyauta. Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa na da littattafai da taswirorin zamanin mulkin mallaka. Rumbun Horizon na cibiyar IRD, wadda a da ake kira ORSTOM, ya tara binciken da aka yi a kan ƙasa da ruwa da noma na Sahel. AJOL kuwa, tun 1998, yana tara mujallun da ake bugawa a Afirka. Ba wani ɗan kasuwa mai hankali da zai sayi buhun gero bai kwance bakinsa ya ga ƙwaya ba, bai tambayi daga wace kasuwa aka ɗauko shi ba. Tambayoyin ɗalibi ma huɗu ne: wa ya rubuta, yaushe, wa ya buga, da wace hujja.

Tun ƙarshen 2022 wata sabuwar matsala ta ƙaru. ChatGPT da ire-irensa suna ba da amsa cikin Faransanci mai santsi, kuma an sha kama su suna ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da ba a taɓa yi ba. Ɗalibin da ya kwafe amsar bai nemo littafin ya gan shi da idonsa ba, cinikin biri a sama ya yi. Asarar ba ta tsaya a kansa ba. Gobe shi ne malamin gona, shi ne sakataren komin, shi ne zai rubuta tsarin raya karkara da alƙaluman da bai taɓa tantancewa ba, kuma a kan alƙaluman nan za a raba iri da taki, a zaɓi inda za a haƙa rijiya. Wanda ya saba kwafe yana ɗalibi, da wuya ya fara awo ranar da aka ba shi hatimi.

Za a ce manyan mujallu na kuɗi ne. Gaskiya ne, maƙala guda kan kai dalar Amurka 30, fiye da jika 15 na sefa. To amma an daɗe da buɗe wa ƙasashe irin Nijar ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa Hinari a 2002, hukumar FAO ta kafa AGORA domin aikin gona a 2003, OARE ta muhalli ta biyo a 2006, daga baya aka haɗa su a ƙarƙashin sunan Research4Life. Nijar na cikin rukunin ƙasashen da ake bai wa dubban mujallu kyauta. Sharaɗin shi ne ma'aikata ta yi rajista, a ba ta kalmar shiga. Jami'o'i da asibitocin koyarwa sun cancanta, haka ma ofisoshin gwamnati da cibiyoyin malaman gona. Duk inda kalmar shigar nan ta kwana a aljihun tebur, ko aka rasa mai cike takardar rajista, rijiya ce ta bayar guga ya hana.

Za a kuma ce a fara kawo wuta da layi mai ƙarfi tukuna. Mai wannan magana bai yi ƙarya ba. Jama'ar jihar Damagaram ba su manta da yadda Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 ba, kuma ba don banza ba aka sa hanyar Damagaram zuwa Magariya zuwa iyaka cikin shirin wayar intanet ta ƙetare Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba kuɗi. Sai dai ƙarancin layi hujja ce ta a koyar da bincike da gaggawa. Wanda cajin wayarsa na awa guda ne shi ya fi kowa bukatar sanin inda zai dosa kai tsaye. Layi mai ƙarfi a hannun wanda bai iya nema ba, saurin kwafe kawai zai ƙara masa.

Akwai kuma iyaka da ya wajaba a faɗa wa ɗalibi. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan André Salifou, shugaban babban taron ƙasa na 1991. Littafinsa na tarihin masarautar Damagaram a ƙarni na 19 ya fito a 1971, babu intanet, ya haɗa shi ne daga bakin dattawa da takardun ajiya. A cibiyar IRSH ta Yamai akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami kimanin 4,000, waɗanda Boubou Hama ya aza harsashin tara su. Abin da sarkin noma ya sani game da jigawa da fadama, da abin da liman ya gada a cikin gafaka, babu injin da ya riƙe su. Amfanin rumbun intanet shi ne ya nuna wa ɗalibi inda na gaba suka tsaya, domin idan ya durƙusa gaban dattijo ya yi tambayar da ba a taɓa yi ba. Ɗan Yekuwa ma yana da gata: Hausarsa ɗaya da ta Daura da Kano, kuma abin da aka bincika a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a kan gero da gawo da kasuwannin iyaka, gonarsa ya shafa.

Tun zaɓen 1993 ƴan siyasa sun sha zuwa wannan yanki da alkawarin azuzuwa da tebura, domin gini ake gani a hoto. Aikin da ake magana a nan ba ya ɗaukar hoto, kuma ba shi da tsada. Wajibi ne jami'o'i su mai da neman bayani darasi na shekarar farko, mai jarrabawa, ma'aikacin ɗakin karatu ya koyar, a kuma soma ɗanɗana shi tun a lise. Duk kundin da aka amince da shi a ajiye shi a rumbu buɗaɗɗe, irin DICAMES na hukumar CAMES, a kuma kai kwafi komin ɗin da aka yi binciken, don kada kowane ɗalibi ya sake auna rijiyar da wani ya auna bara. Ma'aikatan gona da kiwo da lafiya su buɗe kabad, domin rahoton da gara ke ci hujja ce ga wani. Ƴan kasuwa kuwa, da suka saba gina masallaci da biya wa jama'a kujerar Makka, ɗaki guda da faifan hasken rana da kwamfuta biyu da albashin saurayi ɗaya da aka horar ba su fi ƙarfinsu ba.

Kafin a yi duk wannan, uban da ya sayar da wake yana da haƙƙin da ba ya bukatar ya iya karatun boko. Idan yaro ya zo hutu da kundi a hannu, ya sa shi ya buɗe shafi guda ya karanta masa da Hausa, sannan ya tambaye shi abin da yake tambayar dillali a kasuwa: wa ya faɗa maka, kuma ka gani da idonka?