Motar Kyauta a Garin Jami'a: Wa ke Biya, Wa ke Shiga?

Tun daga watan Janairu na shekarar 2002, duk wanda ya tsaya a tashar bas cikin garin Chapel Hill, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, idan mota ta iso shiga kawai zai yi ya nemi kujera. Ba a tambayarsa tikiti, ba a neman katin shaida, babu ruwan direba da ko ɗalibi ne shi, ko ma'aikaci, ko baƙon da ya sauka jiya. Haka abin yake a Carrboro, ƙaramin garin da ke manne da Chapel Hill ta yamma, domin hukuma ɗaya ce ke tafiyar da motocin garuruwan biyu, watau Chapel Hill Transit. An haura shekara 20 ke nan ana tafiya a kan wannan tsari.

Mutumin da ya tashi a Kano ko Yamai ko Kumasi, inda yaron mota ke rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwanni yana miƙo hannu, da ya ji wannan labari tambayar da za ta fara zuwar masa ita ce: to wa ke sayen mai? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ce ta sa nake ganin kalmar “kyauta” tana cutar wannan tsari fiye da yadda take tallata shi. A Hausa, kyauta tana da mai bayarwa da mai karɓa. Mai karɓa godiya ce tasa. Ba ya raina abin da aka ba shi, ba ya cewa ya yi kaɗan ko ya zo a makare. Idan kuwa mai bayarwa ya janye hannunsa, babu wanda za a kai ƙara. Motocin Chapel Hill ba su cikin wannan babi. Sunan da ya dace da su shi ne karo-karo: kowa ya zuba nasa tun kafin a tayar da mota, saboda haka kowa yana da bakin magana a kan inda za ta bi da lokacin da za ta zo.

Ga yadda ake tara kuɗin. Abokan tarayya uku ne: majalisar garin Chapel Hill, da ta Carrboro, da Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1795. Garuruwan biyu suna ciro kasonsu daga harajin gidaje da filaye da na rajistar motoci. Jami'a, wadda kasonta ya fi na sauran, tana ciro nata daga kuɗin da ɗalibai ke biya kowane zangon karatu, da kuɗin izinin ajiye mota, da abin da sassanta ke bayarwa. Hasali ma, ɗaliban ne da kansu suka jefa ƙuri'a a 2001 suka amince a ƙara musu wani abu a kan kuɗin makaranta domin wannan aiki. Sai kuma tallafin gwamnatin jiha da na tarayya, musamman wajen sayen sababbin motoci. A 2012 mutanen gundumar Orange, wadda garuruwan ke cikinta, suka ƙara amincewa da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan saye-saye don sufurin jama'a. Ke nan ɗalibin da ya shiga bas da safe ya riga ya biya, mai gidan da aka yanka wa haraji ya biya, wanda ke haya ma ya biya, domin mai gida ba ya mance harajinsa ranar da yake yanke kuɗin haya.

A nan ne ƙorafi na farko yake tasowa. Mai mota zai ce shi bai taɓa taka bas ba, don me za a sa shi cikin karo-karon? Amsa tana cikin fasalin garin. Chapel Hill mai mutum kusan dubu 62 ne a ƙidayar 2020, Carrboro kuma dubu 21 da 'yan kai. Amma a tsakiyarsu akwai jami'a mai ɗalibai fiye da dubu 30, da babban asibitin koyarwa, da dubban ma'aikata masu shigowa kowace safiya ta 'yan hanyoyi ƙalilan. Da kowa zai zo da motarsa, da sai a rushe rabin harabar a yi wurin ajiye motoci. Gina benen ajiye motoci kuwa tsada gare shi: a Amurka gurbin mota ɗaya yakan ci dala dubu 20 ko fiye, ga shi gurbin ba ya koyar da kowa, ba ya warkar da kowa. Jami'a ta yi lissafi ta ga biyan direba ya fi mata sauƙi a kan zuba kankare. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka tsabar alheri ce ta sa ta buɗe jaka. Ciniki ne, kuma ta ci riba. Shi ma mai motar da ke ƙorafi yana cin tasa ribar duk safiyar da mutum 40 suka wuce shi cikin mota guda, maimakon su jeru a gabansa cikin motoci 40. Ba mu jin ana cewa a cire wa mai kwana da wuri kuɗin fitilun titi.

Shiga motar kanta abu ne mai sauƙi, in an san kan zaren. Layukan da haruffa ake kiransu: U da RU suna zagaya harabar jami'a, ɗaya ta hannun dama ɗaya ta hagu, NS tana ratsa gari daga arewa zuwa kudu, J da CW suna shiga unguwannin Carrboro. Idan fasinja ya kusa sauka sai ya ja igiyar da ke jikin taga, ƙararrawa ta kaɗa, direba ya tsaya a tasha ta gaba. Akwai maratayar keke a goshin mota, akwai gangara da ake saukewa don keken guragu, kuma waɗanda ba za su iya zuwa tasha ba saboda lalura suna da ƙananan motoci da ake kira EZ Rider, su ma ba a biya. Al'adar mutanen wurin ce su yi wa direba godiya in za su sauka, baƙo ma yakan ɗauki al'adar cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne lokacin da rashin karɓar kuɗi ke tanadarwa. Ba mai lalube aljihu a bakin ƙofa, ba jayayya a kan canji, ɗalibai 30 sukan shige cikin ɗan lokaci. Daɗin daɗawa, karɓar kuɗi shi ma kuɗi yake ci: akwatuna, da masu ƙirga, da masu gadi, da buga tikiti. A ƙananan garuruwan Amurka abin da ake tarawa daga hannun fasinja sau da yawa ba ya kai kashi ɗaya bisa biyar na abin da ake kashewa. Da Chapel Hill ta yafe wannan ɗan kaso, cikin 'yan shekaru yawan masu hawa ya ninka.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne rashin tambayar katin shaida. Akwai garuruwan jami'a da yawa inda ɗalibi ke nuna kati ya wuce, mai wanke kwanukan da ɗalibin ya ci abinci a ciki kuwa ya biya. A Tallinn, babban birnin Istoniya, an daina karɓar kuɗi tun 2013, amma ga waɗanda suka yi rajistar zama a birnin kaɗai. Chapel Hill ta buɗe ƙofa ga kowa, kuma wannan yana da nauyi na musamman a garin da ke da irin tarihinta. A watan Afrilu na 1947, shekara takwas kafin abin da ya faru da Rosa Parks a Montgomery, wasu maza 16, takwas baƙaƙe takwas farare, suka shiga motocin da ke ƙetare jihohi don gwada hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1946, wanda ya haramta raba fasinjoji bisa launin fata a irin waɗannan tafiye-tafiye. A tashar Chapel Hill aka kama huɗu daga cikinsu saboda zama a inda aka ce bai halatta ba. Ɗaya daga ciki shi ne Bayard Rustin, wanda daga baya ya shirya babban gangamin Washington na 1963. Sai da ya yi kwana 22 yana aikin gwale-gwale tare da fursunoni a gefen hanya. Kotu ba ta soke wannan hukunci ba sai a 2022, bayan duk mutanen huɗu sun rasu. Motar da aka kama su a ciki ta wani kamfani ce, ba ta gari ba, domin ta gari sai 1974 aka kafa ta. Duk da haka, a inda aka taɓa ɗaure mutum a kan kujerar bas, ganin farfesa da mai shara da marar gida suna zaune a jere ba tare da an tambayi kowa komai ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Ba zan ce kowane gari ya kwaikwayi wannan ba. Austin ta jihar Teksas ta gwada daga 1989 zuwa 1990, ta fasa bayan direbobi sun yi ta kukan cunkoso da fitinar wasu fasinjoji. Hasselt ta ƙasar Beljiyam ta fara a 1997, ta yi suna a duniya, sannan ta yanke shawarar dainawa a 2013 da kuɗin ya fi ƙarfinta. Manyan birane irin su New York suna samun kuɗi mai yawa daga fasinja, yafe shi ba wasa ba ne. Bugu da ƙari, abin da aka gani a Tallinn ya nuna cewa cire kuɗin mota shi kaɗai yakan jawo masu tafiya a ƙasa fiye da yadda yake raba mai mota da sitiyarinsa. Abin da ke sauko da mai mota shi ne rashin wurin ajiyewa. A Chapel Hill an haɗa biyun: bas ba kuɗi, izinin ajiye mota a harabar jami'a kuma tsada da wuya, 'yan shekarar farko ma a ƙa'ida ba a ba su. Garin jami'a ya dace da tsarin ne domin ƙarami ne, mutanensa wuri ɗaya suke nufa, kuma akwai babban mai zubi guda wanda ba zai tashi ya koma wani gari ba.

To amma wannan babban mai zubi shi ne kuma tushen raunin tsarin, domin wanda ya fi zubi shi jadawali ke bi. Lokacin karatu, ranakun aiki, motoci suna biye da juna a layukan da ke shiga harabar. Da an yi hutu sai a rage wasu layukan. Da dare ya yi, ko ƙarshen mako ya zo, sai tazara ta yi tsawo. Asibiti kuwa ba ya hutu. Mai goge-goge da ke kama aiki da asuba, da ma'aikaciyar jinya da ke tashi tsakar dare, da mai dafa abinci a gidajen cin abinci na titin Franklin, su ne suka fi kowa bukatar motar, kuma su ne suka fi jiranta. Motar da ba ta zo ba, rashin kuɗinta bai amfani kowa ba. An ga haka ƙarara a 2021, lokacin da ƙarancin direbobi ya tilasta rage zirga-zirga.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. Haya ta yi tsada a Chapel Hill. Unguwar Northside, inda baƙaƙen fata masu yi wa jami'a aiki suka zauna tsara bayan tsara, gidajenta da dama sun koma hayar ɗalibai. Ma'aikata masu ƙaramin albashi da yawa sun koma Durham da gundumomin Chatham da Alamance, inda akasarin layukan gari ba su kai. Wanda ya tuƙo motarsa zuwa filin ajiyewa na bakin gari don ya shiga bas, tun 2013 biyan kuɗin filin yake yi. Motocin GoTriangle masu haɗa garuruwan yankin sun dakatar da karɓar kuɗi a 2020 lokacin annobar korona, sun dawo da shi a 2024. Jirgin ƙasa na zamani da aka yi shekaru ana tsarawa tsakanin Durham da Chapel Hill an binne shirinsa a 2019. Sai ya zama mai halin zama a cikin gari shi ke hawa ba kuɗi, wanda tsada ta kora waje kuwa shi ke biya, alhali shi ma yana zuba harajin saye-saye duk ranar da ya sayi abincin rana a garin.

Masu son a dawo da kuɗin mota sukan kafa hujja da wannan, su ce a karɓa a yi amfani da shi wajen ƙara layuka. Ban yarda ba. Abin da za a tara kaɗan ne, wani kaso nasa zai tafi a wahalar tarawa, ɗalibai za su ci gaba da wucewa da kati, nauyin kuma zai faɗa kan mutanen da ake cewa za a taimaka. Gyaran yana wajen rabon abin da aka riga aka tara. Asibiti da jami'a sun san adireshin ma'aikatansu, sun san ƙarfe nawa kowa ke kama aiki da tashi. Da waɗannan bayanai ya kamata a zana jadawali: mota ta farko ta isa asibiti kafin canjin ma'aikatan asuba, ta ƙarshe ta jira na dare, Lahadi a ɗauke ta ranar aiki kamar yadda take ga masu jinya, kuma a yi wa direbobi albashin da zai ba su damar zama a garin da suke tuƙi a cikinsa.