Rawanin da gwamna ya naɗa, gwamna ke warware shi

A Zamfara mun saba da abin da bai kamata a saba da shi ba. Sanarwa ta fito daga gidan gwamnati a Gusau cewa an ƙirƙiro masarauta, ko an dakatar da sarki, ko an mayar da wanda aka dakatar, mu yi tsaki a teburin mai shayi, kowa ya kama gabansa. Ni dai tsakin ya ishe ni.

A 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yanko 'Yandoton Daji daga masarautar Tsafe, ta ba ta sarkin yanka nata na kanta. Ba a gama karɓar gaisuwar murna ba, a watan Yuli sabon sarkin, Aliyu Marafa, ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a bainar jama'a. Mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa tun 2020! Da ƙasa ta ɗauki ihu, aka dakatar da sarkin. A Afrilun 2023, gwamna na haɗa kayan barin ofis, aka mayar da shi kujerarsa. A 'Yandoto fa, garin da tarihi ya sani da malamai tun kafin jihadi. Matar da aka kashe wa miji a gonarsa a wannan yanki, wace fada za ta kai kukanta?

Kafin nan an tuɓe Sarkin Maru a 2019, sannan na Zurmi da na Ɗansadau a 2022, bisa zargin haɗa baki da 'yan bindiga. Ba kare kowa nake ba. Sarkin da ake zargi da sayar da talakawansa, kotu ce wurinsa, a fili, kowa na ji. Abin da ke ƙona min rai shi ne hannu ɗaya ke naɗawa, shi ke kafa kwamitin bincike, shi ke tuɓewa, shi ke yafewa.

Masu mulkinmu na ganin dabara ce sabuwa. Turawa sun yi ta kusan shekara dubu da ta wuce, sun sha kashinta. Sarkin Jamus Henri na Huɗu ya saɓa da Fafaroma Giregori na Bakwai kan wa ke da ikon naɗa manyan limaman coci. A 1076 Henri ya tara limaman da ke bayansa a garin Worms suka ce Giregori ya sauka, Giregori kuma ya kori Henri daga coci. Da hakimansa suka fara juya masa baya, sai ga Henri a Janairun 1077 tsaye kwana uku cikin dusar ƙanƙara a ƙofar ganuwar Canossa, yana roƙon afuwa. Aka yafe masa. Da ya ji ƙarfi, a 1080 ya sa aka zaɓo masa nasa fafaroman, babban limamin Rabenna, wanda ya ɗauki sunan Kilemen na Uku. A 1084 ya shiga Rum da yaƙi, ya zaunar da mutuminsa, mutumin nasa kuma ya ɗora masa kambin sarkin daula. Na naɗa ka, ka naɗa ni.

Su wa suka biya? Mutanen Rum. Sojojin Norman da suka zo ceton Giregori su suka washe birnin, suka cinna wa unguwanni wuta. Giregori ya mutu a gudun hijira a Salerno a 1085, Henri kuma ɗansa na cikinsa ya ƙwace masa mulki. Bayansu Sarki Firedirik Barbarosa ya maimaita wasan daga 1159, ya ɗaure wa fafaroma uku na jabu gindi ɗaya bayan ɗaya, a 1177 ya durƙusa gaban Fafaroma Alekzanda na Uku a Benis. Shekara 18 ta tafi a banza.

Na san za a ce mu ba mu da fafaroma, kuma haka ne. Amma a ƙasar nan fada ce ke da ta cewa kan limamin Juma'a, ta nan labarin ganin wata ke bi, a nan ake sasanta manomi da makiyayi kafin a zare adda. Dattawan Gusau ba su manta Nuwamban 1988 ba, lokacin muna jihar Sakkwato. An shelanta Muhammadu Maccido a matsayin Sarkin Musulmi, bayan 'yan kwanaki gwamnatin soja ta Babangida ta ce Ibrahim Dasuƙi ne, aka yi tarzoma, aka rasa rayuka. A Afrilun 1996 Abacha ya tuɓe Dasuƙi, aka kai shi Zing a Taraba, aka kira Maccido. Kano kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Gwamna Ganduje ya raba masarautar gida biyar a 2019, ya tuɓe Sarki Sanusi a Maris 2020, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya dawo da shi a Mayun 2024. Aka wayi gari sarki a Gidan Rumfa, sarki a Nasarawa, kowa da dogaransa da lauyoyinsa, hawan Sallah ma sai 'yan sanda suka hana.

Kano tana da kasuwa da masana'antu da za su riƙe ta ko fada ta rabu. Mu da me za mu riƙe kanmu? A Satumban 2021 aka sace Sarkin Fulanin Bunguɗu, Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe kusan wata guda a hannun 'yan bindiga. Sarki ba shi da bataliya, tsarin mulkin 1999 ma bai ba shi aiki ko ɗaya ba. Kwarjini da nauyin baki su ne duk jarinsa, su kuma 'yan siyasa ke ɓarnatarwa a kowane zaɓe. Sarkin da ya san alƙalamin gwamna na rataye a wuyansa ba zai miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ana kashe mutanena kuna kallo," ba.

Ku ma 'ya'yan sarauta da laifinku. Ku ke sintiri gidajen 'yan siyasa da dare da manyan riguna, kuna neman a yanka muku ƙauyuka biyar a kira ku mai martaba. In ba mai karɓar rawanin haram, gwamna zai rasa kan da zai naɗa wa.

Ga Gwamna Dauda Lawal da 'yan majalisar dokoki a Gusau: ku yi doka. A riƙa bayyana sunayen da masu zaɓen sarki suka miƙa. Kada a tuɓe sarki sai alƙali ya saurari shari'arsa a fili. Kada a ƙirƙiro masarauta a shekarar da ake shirin zaɓe. Ikon da za ku rage naku ne, na sani, kuma shi ya sa nake roƙonku ku yi tun kuna kan kujerar.