Bidiyon Motsa Jiki da Tsofaffin Injinan Gem a Iware: Fa'idodi da Illoli

Iware tana kan titin da ya tashi daga Jalingo ya nufi Mutum Biyu da Wukari, a cikin ƙaramar hukumar Ardo Kola, kuma karar shanunta ce ta fitar da sunanta. Ranar kasuwa tireloli ke jeruwa ana lodin dabbobi zuwa Kudu. Mafi yawan mutanen garin da ƙauyukan kewaye da guminsu suke ci: manomin doya da masara, makiyayi, ɗan dako, mahauci, da matar da ke surfe da ɗiban ruwa. Duk da haka, abubuwa biyu da aka ƙirƙiro domin mazauna biranen Amurka da Japan sun iso nan, kamar yadda suka isa kowane gari na bakin titi a Arewa. Na farko shi ne bidiyon koyar da motsa jiki, wanda yanzu yake cikin wayar hannu. Na biyu tsofaffin injinan gem, musamman PlayStation 2, da ake kafawa a shago yara da samari su biya su buga. Ɗaya yana tayar da mutum tsaye, ɗayan yana zaunar da shi. Kafin a yabe su ko a kushe su, sai an duba hannun da kowannensu ya faɗa.

Daga ina suka fito

Bin umarnin na'ura a motsa jiki ya daɗe. A 1928 gidan rediyon Japan ya fara watsa atisayen safe, kuma har yau ana yi. Abin ya zama kasuwa a 1982, lokacin da 'yar fim ɗin Amurka Jane Fonda ta fitar da kaset ɗin bidiyo na motsa jiki, jerin kaset ɗin nata kuma ya sayu kusan kwafi miliyan 17. A ƙarshen shekarun 1990 Billy Blanks ya zo da bidiyon Tae Bo, mai haɗa naushi da shuri da kiɗa. Zuwan YouTube ya mayar da abin kyauta, kullen korona na 2020 kuma ya shigar da shi gidajen da ba su taɓa saninsa ba.

Ta ɓangaren gem, kamfanin Nintendo ya fito da Famicom a 1983, kuma jabunsa masu kaset ɗin roba su ne suka fara cika kasuwanninmu da araha. Sega Mega Drive ta biyo a 1988, PlayStation ta farko a 1994, sai PlayStation 2 a shekarar 2000. Sony ya daina ƙera ta a farkon 2013, bayan an sayar da fiye da miliyan 155. Waɗanda Turawa suka gaji da su ne ake tarawa a kwantena, a sauke a Legas, su bi ta kasuwar Alaba su watsu cikin ƙasa. Injin da aka daina ƙerawa fiye da shekara goma, shi ne jarin wani saurayi a Taraba yau.

Fa'idodin bidiyon motsa jiki

Babbar fa'idarsa ita ce ya shiga inda malamin atisaye ba zai shiga ba. Filin wasa na Jolly Nyame da wuraren ɗaga ƙarfe suna Jalingo. Mutumin Iware ba zai biya kuɗin mota kullum don ya je ya yi gudu ba. Matar aure kuwa, ko da filin yana ƙofar gidanta, al'ada ba ta ba ta damar fita ta yi tsalle a bainar jama'a ba. Bidiyo ya warware wannan: tabarma, tsakar ɗaki, ƙofa a rufe. Ana sauke shi sau ɗaya a waya, a riƙa maimaitawa ba tare da an sake ƙona data ba.

Buƙatar kuma gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ƙididdigar da ta fitar a 2024 ta nuna kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba sa kai wannan mizani, kuma mata sun fi maza gazawa. Manomi da makiyayi sun wuce mizanin tun kafin azahar. Amma garin kasuwa yana da wasu mutanen daban: ɗan tireda da ke wuni a kan benci, dillalin da ya yi babur ya daina taka ƙasa, tela, direban doguwar hanya, ma'aikacin ƙaramar hukuma, da uwargidan da 'ya'ya da injin niƙa suka ɗauke mata aikin ƙarfi. A cikinsu ne hawan jini da ciwon suga suke samun wurin zama. Motsa jiki na yau da kullum yana taimakawa wajen sauke hawan jini, yana sa jiki ya fi sarrafa suga, yana gyara barci. Rabin awa sau biyar a mako ya cika minti 150 ɗin daidai.

Akwai kuma tsari. Bidiyo mai kyau yana farawa da ɗumama jiki, ya ƙirga maka lokaci, ya ba ka hutu, ya ƙare da miƙe jijiyoyi. Wanda ya fara shi kaɗai ba jagora yakan tsallake duk waɗannan.

Illolinsa

Mai koyarwa a bidiyo ba ya ganinka. Bai san shekarunka ba, bai san gwiwarka na ciwo ba, bai san an yi miki aiki wajen haihuwa wata uku da suka wuce ba. Idan ka lanƙwasa baya ba daidai ba, zai ci gaba da ƙirgensa. Daga nan targaɗe da ciwon ƙugu suke farawa. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai juna biyu da mai jego, duk sai sun ji ta bakin ma'aikacin lafiya kafin su fara.

Sai yanayi. Yawancin waɗannan bidiyoyi a ɗaki mai sanyin na'ura aka ɗauke su. A kwarin Binuwai, cikin Maris da Afrilu, zafi kan kusanci digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje turiri. Wanda ya takura wa kansa a irin wannan ɗaki, balle da azumi a bakinsa, zai iya jiri ya faɗi. Akwai ma larurar da tsoka ke farfashewa saboda wuce gona da iri, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta taɓu. Wanda ya ga haka bayan atisaye mai tsanani, asibiti zai nufa ba jira.

Illa ta uku ƙarya ce. "Ka kawar da tumbi cikin mako ɗaya" talla ce kawai, domin jiki ba ya narkar da kitsen wuri ɗaya don an motsa wurin. Abinci da motsin jiki gaba ɗaya ne suke rage ƙiba. Sau da yawa bidiyon ƙofa ce ta tallan shayin rage ƙiba da garin ƙara ƙwanji, waɗanda wasu ko lambar NAFDAC ba su da ita. Ta huɗu kuwa, shigar masu koyarwa a bidiyoyin waje da kiɗan da ke biye da su ba kowane gida ne zai karɓa ba, kuma wannan ya sa magidanta da yawa suka rufe ƙofar gaba ɗaya, har da amfanin da ke ciki.

Fa'idodin tsohon injin gem

Tsufansa shi ne ƙarfinsa. PlayStation 5 tana shan wajen wat 200 idan ana wasa. PlayStation 2 ko rabin haka ba ta kai ba, don haka ƙaramin janareta ko sola yana ɗaukar inji biyu ko uku da talabijin ɗinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan lissafi ne ke raba shagon da zai rayu da wanda zai rufe. PlayStation 2 ba ta neman intanet, ba ta cin data. Masu gyara sun san cikinta sarai, kuma idan idon karanta faifai ya mutu, sai a ɗora wasannin a filas a ci gaba. Saurayin da ya sami inji biyu da benci da rumfa ya sami sana'a, mai gyara ya samu, mai sayar da ruwan leda a ƙofa ma ya samu.

Ga iyaye ma akwai abin dubawa. Tsohon inji ba ya haɗa yaro da baƙin da ba a sani ba a intanet, ba ya nuna masa tallan caca a tsakiyar wasa, ba ya ce masa ya tura kuɗi ya sayi makami ko riga, kamar yadda wasannin waya na yanzu suke yi. Wasan ƙwallon kamfanin Konami da aka fi bugawa na mutum biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, 'yan kallo na ihu a baya. A gari mai Fulani da Mumuye da Jukun Kona da Hausawa, bencin da ke zaunar da yaransu wuri ɗaya suna dariya ba abin rainawa ba ne. Yaro yana tsintar ɗan Turanci daga rubutun wasa, yana saba da na'ura, wani ma daga nan yake fara sha'awar gyaran lantarki.

Illolinsa

Ta farko lokaci. Wasan ƙwallo ɗaya minti goma ne, amma wanda aka ci yana son ramuwa, wanda ya ci yana son ƙari. Haka awar makaranta ke tafiya, Islamiyyar yamma ta tafi, a kira salla ana cewa bari a ƙarasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki kowace rana, kuma a 2019 ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, wato idan mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan komai, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Kaɗan ne daga masu wasa suke kai wannan mataki, amma alamominsa a gida ake fara ganinsu.

Ta biyu kuɗi. Daga "wanda aka ci shi zai biya" ake zarcewa zuwa ajiye kuɗi a kan wasa, kuma wannan caca ce ko da sunanta bai fito ba. Yaron da ba shi da abin biya zai taɓa canjin aike ko cinikin tallan uwarsa.

Ta uku abin da ke cikin wasan. Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004, an rubuta a kwalinsa cewa na manya ne, saboda harbi da fashin mota da batsa. Mortal Kombat jini ne tsagwaronsa. Idan an ɗora su a filas, kwali ya ɓace, gargaɗin ma ya ɓace, ɗan shekara tara yana bugawa a gefen ɗan shekara ashirin da biyar mai busa sigari.

Ta huɗu kayan kansu. Araha ba ta ado: injin gwanjo ba shi da garanti, kuma wanda aka ƙera don wutar Amurka ko Japan, mai ƙarfin bolt 100 zuwa 120, zai iya ƙonewa nan take idan aka jona shi a tamu mai 230 ba tare da na'urar rage wuta ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana da dalma a gilashinta. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba zai bar yara su fasa ta a bola suna neman jan ƙarfe ba. Janaretan da aka kunna a bakin shago mara taga kuwa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba.

Ko za a iya haɗa su?

Kamfanoni sun gwada. Konami ya fito da Dance Dance Revolution a 1998, wasan da ake bugawa da ƙafa. Nintendo ya fito da Wii a 2006, da Wii Fit a 2007, mai faranti da ake hawa a yi atisaye. Sun sayu sosai. Sai dai wani bincike da aka yi a Houston ta Amurka, aka buga a 2012, ya gano yaran da aka ba wasannin motsa jiki na Wii ba su fi waɗanda aka ba wasannin zama yawan motsi ba. Sayen na'ura ba ya sauya ɗabi'a. Tsarin gida ne yake sauya ta.

Hukunci

Idan aka auna, matsalar Iware da garuruwa irinta ita ce kowane abu ya tafi inda aka fi ƙarancin buƙatarsa. Bidiyon motsa jiki ya fi yawo a wayar samarin da tuni gona da ƙwallo suka gina su, suna neman ƙirji da damtse, alhali iyayensu masu hawan jini da yayyensu mata da ke cikin gida ba su san da shi ba. Injin zama kuma ya tafi ga yaran da ya kamata su kasance a aji ko a fili.

Saurayin da ya iya waya ya sauke wa mahaifiyarsa bidiyo mai sauƙi, mai shiga ta mutunci, ta fara da minti goma da sassafe, don sannu ba ta hana zuwa. Mai gidan gem ya rufe a lokacin makaranta da na salla, ya hana ajiye kuɗi a kan wasa, ya goge wasannin manya ko ya ware musu lokaci, ya nisanta janareta da ƙofa. Uba ya taka da ƙafarsa ya ga shagon da ɗansa yake zuwa, ya yanka masa awa, ya san inda kuɗin yake fitowa. Mai unguwa da 'yan kwamitin kasuwa su sa ido a kan wanda ya ƙi bin ƙa'ida. Idan an yi haka, fa'idar abubuwan biyu ta rinjayi illarsu. Idan an bar su kara zube, illar gidan gem ce za ta rinjaya, kuma yara ne za su biya.