Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Ina Haƙƙin Kocin Motsa Jiki?

Jama'a, a cikin sana'o'in da suka bunƙasa a biranen Gana a 'yan shekarun nan, da wuya a sami wadda ake cin guminta ana murmushi kamar ta kocin motsa jiki. Shi ne wanda ke tsayawa gaban mutum ashirin ko talatin tun gari bai gama wayewa ba, kiɗa na tashi, yana ƙirge, yana tsalle, yana ƙarfafa wa wanda ya gaji gwiwa. Akwai 'ya'yanmu na zango a cikinsu, maza da mata, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina a Ankara, da Aboabo da Asawase a Kumasi. Da asuba sukan tsallaka zuwa unguwannin masu hannu da shuni su yi aiki, da dare su dawo ɗakin haya. Wanda ya ga hotunansu a Facebook da Instagram zai ɗauka sun haye. Wanda ya san abin da ke shiga aljihunsu ƙarshen wata kuwa, karin maganar da ke saman wannan rubutu ce za ta faɗo masa.

Bari mu fara da yadda ake biyansu, domin a nan ɓarakar take. Galibi hanyoyi uku ne. Wani ana biyansa kuɗi kaza a kowane aji da ya koyar, ko ɗaki ya cika ko bai cika ba. Wani ana ƙirga kawuna, a ba shi gwargwadon waɗanda suka zo. Wani kuma ana yanka masa abin da ake kira albashi, a haɗa masa da gadin ƙarafa da share ɗaki da tarbar baƙi. Duk hanyar da aka bi, sa'a ɗayar da ya yi a gaban mutane ita kaɗai ake lissafawa. Daren da ya ɓata yana zaɓen kiɗa da tsara motsi ba ya shiga lissafi. Haka zaman da ya yi cikin trotro a cunkoson hanya, da rabin sa'ar da ya riga kowa zuwa don ya gwada lasifika, da tsayuwar da ya yi bayan an tashi yana amsa tambayar mai ciwon baya. Aikin da aka rubuta sa'a ɗaya yakan cinye masa sa'a uku.

Mu ƙaddara wani misali, mai karatu kuma ya cire waɗannan alƙaluma ya sa na unguwarsu ya gani. A ce aji ne na mutum 30, kowa yana biyan sidi 300 a wata. Sidi 9,000 ke nan suka shiga akwatin mai gida. A ce kocin yana koyar da su sau uku a mako, wato sau 12 a wata, ana ba shi sidi 60 a kowane zuwa. Abin da ya samu sidi 720 ne, kashi 8 cikin ɗari na abin da muryarsa da gwiwoyinsa suka tara. Daga nan zai cire kuɗin mota, da abincin da zai riƙe jikin da ke wannan aiki, da takalmin da ba ya daɗewa a ƙafar mai tsalle kullum.

Mai gida zai ce ai ya wuce doka nesa ba kusa ba, tunda mafi ƙarancin ladan yini a Gana sidi 18.15 ne a 2024, aka ɗaga shi zuwa 19.97 a 2025, shi kuwa yana ba da ninkin wannan a sa'a guda. Wannan hujja ta mai wayo ce. Mafi ƙarancin lada katanga ce da aka gina don kada talaka ya faɗa rami, kuma babu mai hankalin da zai auna ƙwararre da ita. Sa'an nan akawun ofis yana iya zama sa'a takwas a kujera, amma babu ɗan Adam da zai yi aji takwas na tsalle a yini ɗaya ya kuma tashi gobe. Jiki magayi. Sa'o'in da koci zai iya sayarwa ƙididdigaggu ne, kuma mutane ba sa zuwa sai da sassafe da bayan tashi daga aiki. Tsakar rana ba ta da ciniki.

Akwai kuma kuɗin da ke fita kafin a fara samu. Shirye-shiryen da masu gidajen motsa jiki ke tallatawa da manyan haruffa suna da masu su a ƙetare. Zumba, wanda Beto Pérez ɗan ƙasar Kolombiya ya ƙirƙiro, sai an biya kuɗin horo kafin a sami izinin koyar da shi, kuma mai son ci gaba da karɓar kiɗa da sababbin motsi yana biyan kuɗin wata-wata. Les Mills na ƙasar Niyu Zilan, masu BodyPump, su ma da nasu lasisin. Irin waɗannan kuɗaɗe da kuɗin waje ake lissafa su. Wanda ya zauna a Gana a 2022, shekarar da sidi ya zube warwas har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ya san abin da ake nufi da mutum ya karɓi ladansa da sidi ya biya bashinsa da dala. Gidajen motsa jiki sun ƙara kuɗin wata a kan masu zuwa. A tambayi kocin unguwarku ko ladansa ya bi sahu.

Ban ce masu gidajen nan ba su da nasu nauyi ba. Ƙarafa da injuna daga waje ake shigo da su. Kuɗin wuta ya yi tsada, in an ɗauke ta kuma sai janareta. Mai fili yakan nemi hayar shekara biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta taƙaita abin da za a karɓa gaba ɗaya a wata shida. Duk gaskiya ne. Sai dai ku lura da wanda ake ragewa idan lissafi ya ƙi. Ba a taɓa ce wa kamfanin wuta ya yi haƙuri wannan watan ba. Ba a ce wa mai fili ya karɓi rabi don kasuwa ta yi sanyi. Koci kaɗai ake ce wa haka, domin shi ne ba shi da takarda, kuma akwai samari goma a bakin ƙofa da ke jiran gurbinsa. Alhali injin gudu ba ya kiran sunan kowa. Matar da ta shekara tana zuwa kowace Talata da Alhamis, saboda kocinta take zuwa, kuma ranar da ya koma wani gida za ta bi shi. Masu gidajen sun san haka sarai, shi ya sa wasunsu ke hana koci karɓar lambar wayar ɗalibansa.

Wayon da ya fi kowanne shi ne na suna. Sai a ce koci ba ma'aikaci ba ne, mai zaman kansa ne da ya zo ya yi kwangila ya tafi. To, amma wa ke tsara masa lokaci? Wa ya ba shi rigar da yake sawa? Wa ke yanka farashi, wa kuma ke korarsa in ya makara? Wanda ke yi maka duk wannan ubangidanka ne, ko da me ya kira kansa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba irin wannan dabara a shari'ar direbobin Uber a 2021, ta ce abin dubawa shi ne wa ke juya akalar aikin, ta kuma yanke cewa direbobin ma'aikata ne. Mu ma a nan ba mu rasa doka ba. Dokar Ƙwadago ta 2003, wato Act 651, ta ce wanda aka ɗauka aiki na wata shida ko fiye sai an rubuta masa yarjejeniya. Ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 15 na aiki a shekara tare da biya. Dokar fansho ta 2008 ta ɗora wa mai gida kashi 13 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 5.5, kuma sai mutum ya tara wata 180 yana zubi kafin ya cancanci fanshon SSNIT. Sana'ar da ƙarfin jiki ne jarinta ba ta kai mutum shekara 60 yana tsalle. Duk watan da aka ƙi zuba wa koci kuɗinsa, daga tsufansa aka yanko shi. Mun kuma ga abin da ya faru a 2020, da aka kulle Ankara da Kumasi saboda korona: wanda ake biya da aji, ranar da aji ya tsaya tukunyarsa ta tsaya.

Yanzu bari mu juyo gida, don mu ma da namu laifin. Mu ne ke cika filin makaranta ranar Lahadi da sunan ƙungiyar motsa jiki, mu sa yaro ya yi ta ƙirge har rana ta take, sa'an nan a miƙa masa na shan ruwa a ce Allah ya yi albarka. Mu ne ke ce wa yarinyar da ta buɗe ajin mata zalla, inda uwayenmu ke samun sakewa, ai 'yar gida ce, ta ji kunyar faɗin farashi. Mu ne kuma iyayen da ke tambayar ɗansu yaushe zai nemi aikin gaske. Wannan ba al'adarmu ba ce. Bahaushe bai taɓa kallon gwani kyauta ba. Makaɗi yana da karinsa, wanzami yana da ladansa, ɗan dambe in ya yi kisa ana yi masa liƙi a tsakar fili kowa na gani. Ga hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajenmu, ga Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Mutumin da ke taimaka mana mu cika wannan adadi yana rage mana kuɗin asibiti, mu kuwa muna ba shi abin da ba zai kai shi asibitin ba in gwiwarsa ta goce.

Kuma kada mu manta akwai wani mai saye da ke jira. Duk wanda ya san siyasar ƙasar nan ya san yadda ake neman majiya ƙarfi idan zaɓe ya ƙarato, ya kuma san sunan da ake yawan liƙa wa zango idan abin ya ɓaci. Rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a watan Janairun 2019 shi ya haifar da dokar hana 'yan banga ta wannan shekarar. Doka tana iya hukunta wanda ya sayar da ƙwanjinsa, amma ba ta ciyar da shi. Saurayin da ya zaɓi ya mai da ƙarfinsa sana'ar halal, in muka bari sana'ar ta kasa riƙe shi, mun san wanda zai yi masa tayi.

Abin yi a bayyane yake. Masu gidaje su rubuta yarjejeniya, su sa ladan da ba ya sauka ko mutum uku ne suka zo, su ƙara wani abu a kan kowane kai idan ɗaki ya cika, su biya ajin da su da kansu suka soke, su zuba kuɗin SSNIT. Kociyoyi su daina karya wa juna farashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kakanninmu da suka naɗa Sarkin Fawa da Sarkin Aski da Sarkin Makaɗa sun san cewa sana'ar da ba ta da shugaba kowa ke taka ta. Su haɗu su yi rajistar ƙungiya, su tsai da mafi ƙarancin abin da za a karɓa a aji, wanda aka zalunta kuma su raka shi Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Kai kuma mai biyan kuɗin wata, kafin ka sabunta rajistarka, ka tsaya gaban teburin mai gida ka tambaye shi nawa ne daga cikin kuɗin nan ke isa hannun wanda ke koyar da kai, ka kuma jira ya ba ka amsa.