Musayar 'Yan Wasa a NBA: Wa Ke Cin Amanar Wa?

Daga Takur, Dutse

Ya 'yan uwa masu karatu, duk wanda ke zama a majalisun matasa a Takur da sauran unguwannin Dutse ya san cewa musun ƙwallo ya daɗe da zama abincin dare. A da ƙwallon ƙafa kaɗai ake yi wa wannan musu, amma tun da wayar hannu ta kawo wasannin Amurka cikin aljihun kowa, ƙwallon kwando ma ta samu nata mabiya, 'yan kaɗan ne amma masu zafin kai. Wannan na Lakers ne, wancan na Golden State, kuma babu abin da ke tayar musu da jijiyar wuya kamar musayar 'yan wasa. In ɗan wasa ya bar ƙungiyarsa da ƙafarsa, sai ka ji an ce maci amana ne. In ƙungiya ta tattara shi ta miƙa wa wata, sai ka ji an ce ai kasuwa ce. To, wannan awo da mudu biyu shi ne abin da nake so mu duba a yau, domin dabi'ar da mutum ya koya wajen hukunta baƙo da ita zai hukunta ɗan'uwansa gobe.

Da farko ya kamata mu san yadda abin yake, don da yawa daga cikinmu da idon ƙwallon ƙafa muke kallonsa. A ƙwallon ƙafa ta Turai, ko da ƙungiyoyi biyu sun daidaita kan farashi, ɗan wasa ba ya tafiya sai ya amince ya sa hannu a sabon kwantiragi. A gasar NBA kuwa, mai ƙungiyoyi 30, kwantiragin ne ake musaya, mutumin kuma ya bi shi kamar yadda akuya ke bin igiya. Ba a bukatar yardarsa, in ban da 'yan ƙalilan da suka samu sharaɗin hana musaya a takardunsu. Tun shigarsa ma ba shi ke zaɓar garin da zai zauna ba, ƙungiyoyi ne ke zaɓar sababbin 'yan wasa bi da bi a kowace shekara. 'Yancin da suke da shi na zaɓar ƙungiya bayan ƙarewar kwantiragi ma sai da aka kai ruwa rana: Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasa a lokacin, ya shigar da ƙara a 1970, ba a sasanta ba sai 1976. Wanda bai san wannan ba, ba zai iya yin adalci a musun ba.

Misalin da ya fi kusa da mu na wani ne da ya tashi a Zariya. Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, a Zariya ya girma, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando, har Allah Ya kai shi shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada. Akwai ɗan wasa a ƙungiyar mai suna DeMar DeRozan, wanda suka ɗauka a 2009, ya yi musu shekara tara. A 2016 kwantiraginsa ya ƙare, yana da damar tafiya, har ana raɗe-raɗin zai koma garinsu Los Angeles, amma ya zauna ya sake sa hannu na shekara biyar. Bayan shekara biyu kacal, a watan Yulin 2018, Ujiri ya miƙa shi ga San Antonio ya karɓo Kawhi Leonard. DeRozan ya fito fili ya nuna cewa an ba shi tabbacin ba za a taɓa shi ba, shi kuma Ujiri ya nemi afuwa a gaban 'yan jarida, ya ce rashin fahimta aka samu a maganar da suka yi. Magoya baya suka yi ta kumfar baki.

Me ya biyo baya? A watan Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. Nan take waɗanda suka zagi Ujiri suka koma yi masa kirari. Wata guda bayan haka Leonard, wanda shekara ɗaya tak ya yi, ya kama hanyarsa zuwa Los Angeles Clippers. Shi kansa Ujiri, a watan Yunin 2025 masu ƙungiyar suka raba gari da shi. Ka ga wanda ya zauna don amana an tura shi, wanda aka kawo bai zauna ba, wanda ya yi musayar shi ma ranarsa ta zo. Ashe kowa a gidan ɗan haya ne, in ban da mai jarin.

Ra'ayina a nan shi ne, Ujiri bai karya dokar wasa ba, kuma ta fuskar neman kofi lissafinsa ya fita. Amma kofi ba ya wanke magana. In har an sa mutum ya kwanta da tabbacin yana nan, ya wayi gari an sayar da takardarsa, to an yi masa ba daidai ba, ko an ci kofi ko ba a ci ba. Abin takaicin shi ne yadda hukuncin magoya baya ya juya da sakamakon wasa. Da Toronto ta faɗi a 2019, da har yau ana kiran musayar cin amana. Tun da ta ci, sai ta zama hikima. Shin gaskiya tana jiran a tashi wasa ne kafin a san ta? Wannan shi ne ciwon da nake gani, kuma ba a filin wasa kaɗai muke fama da shi ba. Haka muke yi wa ɗan siyasa da ɗan kasuwa: in ya samu, an manta hanyar da ya bi.

Yanzu mu juya ɗaya gefen. A 2010 LeBron James ya gama kwantiraginsa da Cleveland bayan shekara bakwai, ya zaɓi Miami. Mutane suka fito titi suna ƙona rigarsa, mai ƙungiyar ya rubuta wasiƙa yana zarginsa da cin amana. Ana iya cewa yadda ya sanar da tafiyar a shirin talabijin bai dace ba, amma wane alkawari ya karya? Ya cika wa'adinsa cif. Haka aka yi wa Kevin Durant a 2016 da ya bar Oklahoma ya koma Golden State. To, a kwatanta da Isaiah Thomas na Boston. A watan Afrilun 2017 ƙanwarsa ta rasu a haɗarin mota ana gobe za a fara wasannin zagaye na ƙarshe, ya shiga fili da hawaye, ya ci gaba da wasa da ciwo a ƙugu har jikinsa ya gaza. A watan Agustan shekarar Boston ta miƙa shi ga Cleveland ta karɓo Kyrie Irving. Daga nan bai sake komawa yadda yake ba, kuma babban kwantiragin da yake sa rai bai zo ba. Wa ya ƙona rigar shugabannin Boston? Ma'aikacin da ya gama wa'adinsa ya tafi ya zama abin zagi, kamfanin da ya tatse ma'aikaci ya jefar ya zama mai dabara. In wannan ba son zuciya ba ne, to mene ne?

Wani zai ce ai magoya baya ba su da ta cewa. Abin da ya faru a Dallas ya nuna ba haka ba ne. A farkon watan Fabrairun 2025, cikin dare, Dallas ta miƙa Luka Doncic ga Lakers ta karɓo Anthony Davis, alhali Doncic yana ɗan shekara 25, kuma watanni kaɗan kafin nan ya kai su wasan ƙarshe na 2024. Shi kansa bai san ana maganar ba sai da aka gama. Mutanen garin suka yi zanga-zanga a ƙofar filin wasa, suka yi ta kiran a kori manajan ƙungiyar, Nico Harrison, wasa bayan wasa, har aka sallame shi a watan Nuwamban 2025. Amma mu lura, su mutanen Dallas da kuɗinsu suke sayen tikiti, a garinsu ƙungiyar take, muryarsu na taɓa aljihun mai jari. Kai da ke Takur fa? Ka raba dare kana kallo, tunda wasannin Amurka da ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na dare suke kamawa a agogonmu, ka ƙona kuɗin data, asuba ta kuɓuce maka, wani ma ya zuba ɗan abin da ya samu a caca, sannan ka wayi gari ba ka magana da abokinka na ƙuruciya saboda Doncic. Mai ƙungiyar bai san akwai Jigawa a duniya ba.

Ba ina cewa a daina kallon wasa ba ne. Motsa jiki abu ne mai kyau, kuma sha'awar gwani ba laifi ba ce. Abin da nake cewa shi ne mu gyara ma'aunin da muke auna 'yan wasa da shi. Ga Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda Houston ta ɗauka na ɗaya a 1984, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci musu kofi a 1994 da 1995. Yana azumin Ramadan yana wasa, kuma a watan Fabrairun 1995, wanda ya dace da azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata. Lokacin da takalman manyan 'yan wasa suka fi dala 100, shi ya sa sunansa a takalmin Spalding na kimanin dala 35 don 'ya'yan talakawa su iya saye. Duk da haka, bayan shekara 17 a Houston, a 2001 sai da aka yi musayarsa zuwa Toronto, can ya ƙare wasa. Kofunan sun zama tarihi, amma har yau da halinsa ake ba da misali.

Ga kuma Mahmoud Abdul-Rauf na Denver. A watan Maris na 1996 hukumar NBA ta dakatar da shi saboda ya ƙi miƙewa lokacin taken Amurka, bisa abin da ya yi imani da shi na cewa tutar alama ce ta zalunci. Bayan wasa ɗaya aka daidaita cewa zai miƙe yana addu'a da hannuwa a ɗage. Shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a ƙungiyarsa a shekarar, amma da kakar ta ƙare aka miƙa shi ga Sacramento, zuwa 1998 kuma ya fita daga gasar, sai ɗan komowar da ya yi a 2000. Ko ka yarda da matsayinsa ko ba ka yarda ba, ka ga mutumin da ya san farashin abin da ya tsaya a kai kuma ya biya. Ka kuma ga cewa musaya kan zama sandar horo ga wanda ya buɗe baki. Irin waɗannan ya kamata su cika hirarmu, fiye da wane ne ya fi wane tsalle.

Sannan ina amanarmu ga namu na gida? Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, ga Gombe Bulls nan kusa da mu, ga Zariya da ta daɗe tana fitar da 'yan wasa. Mutum nawa ne a majalisunmu zai iya kiran sunan ɗan wasansu ɗaya? Nijeriya ta ci kofin Afirka na maza a 2015 a Tunisiya, ta kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a 2021. 'Yan wasan mata sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. Amma a 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, rikicin ya durƙusar da gasar cikin gida na tsawon shekaru. A 2021 'yan wasan mata suka fito suna kukan ba a biya su haƙƙoƙinsu ba. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta janye matakin a watan Yuni an riga an ba Mali gurbin da matan suka samu da guminsu a gasar duniya ta Ostireliya. Wannan cin amana ne da ya faru a ƙofar gidanmu, ga yaran da ba su da miliyoyin daloli da za su share hawaye da su. Wace majalisa ce ta tayar da jijiyar wuya a kai?

Saboda haka kirana ga 'yan uwa matasa guda uku ne. Na ɗaya, mu riƙe mudu ɗaya: wanda ya cika wa'adinsa ya tafi bai ci amana ba, wanda ya ba da magana ya saɓa ya yi laifi, ko ɗan wasa ne ko mai ƙungiya, ko ya ci kofi ko bai ci ba. Na biyu, kada rigar wani kamfani a Amurka ta raba mu da maƙwabci, ko ta raba mu da sahun asuba, ko ta kai mu teburin caca. Na uku, wanda yake son wasan nan da gaske ya nuna a ƙasa. Ƙarfe biyu, allo biyu da ƙwallo ɗaya sun isa a fara. Matasan unguwa su haɗa kuɗi su gyara filin makarantar da ke kusa da su, su koya wa ƙannensu bayan la'asar, su kuma matsa wa hukumomin wasanni da na ilimi na jiha su sa gasar ƙwallon kwando tsakanin makarantu a lissafinsu. Ujiri ma a wani fili na Zariya ya fara, ba wanda ya san inda zai kai.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci ga na nesa da na kusa, Ya sa mu zama masu cika alkawari.